Labari Ɗaya Ya Ishi Malamai Shida: Shawara ga Makarantun Gaya da Ajingi

A yawancin makarantunmu na sakandare, ƙararrawa ce ke yanka ilimi gunduwa-gunduwa. Malamin tarihi ya yi minti 40 ya fita, na kimiyya ya shigo, na lissafi ya biyo bayansa, babu mai tambayar ɗan'uwansa me ya koyar. Sai yaro ya tashi yana ganin babu abin da ya haɗa darussan nan. Amma ran da ya zauna gaban kakansa aka ɗauko zancen farin 1973, a zama ɗaya zai ji yaushe ruwa ya ɗauke, nawa tiyar gero ta kai, yadda shanu suka riƙa faɗuwa, wane ne hakimi a lokacin, da inda samarin gari suka tafi cin rani. Tsohon bai san ya haɗa labarin ƙasa da tattalin arziki da kiwo da tarihi ba. Shi dai labari yake bayarwa.

Shawarata ga malaman makarantun Gaya da Ajingi, da 'yan yankin da ke jami'a ko kwalejin ilimi suna neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, ita ce ku ɗauko labari guda daga bakin mutanen garinku, ku zaga da shi fanni-fanni, kowane malami ya yi masa irin tambayar da fanninsa ya iya. Sharaɗin ɗaya ne: jin labari daban, sani daban. Sani yana zuwa ne bayan an tuhumi labarin, an auna shi da wani abin da ba daga bakin mai bayarwa ya fito ba.

Ku zaɓi labarin da ya bar sawu a ƙasa

Ba kowane labari ne zai iya ɗaukar wannan aiki ba. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi tana da amfani ga malamin Hausa da mai nazarin ɗabi'un jama'a, amma ba wanda zai fita neman gonar Gizo. Wanda ake so shi ne labarin da mai bayarwa ya yarda ya faru, kuma ya bar abin da za a je a gani da ido: kufai, tsohuwar rijiya, ragowar ganuwa, marinar da ta mutu, burtali, ko mashigin kogi.

Mutanen Gaya ba sai sun yi nisa ba. Labarin da aka fi sani a baka game da asalin Kano ya ce wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya da jama'arsa suna neman tama, suka same ta a Dala, suka zauna, kuma zuriyarsu ake kira Abagayawa. Duk ɗan Gaya ya ji wannan, galibi kuma ana faɗinsa ne don alfahari, a rufe zance. A aji kuwa, daga nan ne ya kamata a buɗe shi.

Yadda malamai shida za su raba shi

Malamin tarihi ya tura ɗalibai su ji labarin daga bakin mutum 3 aƙalla, a cikinsu har da maƙerin gado. Sannan a kawo littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, wani masani mai suna Palmer ya fitar da fassararsa ta Ingilishi a 1908, ta Hausa kuma tana cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Za su tarar littafin ya fara ne da Dala da Barbushe, sannan zuwan Bagauda wajen shekarar 999, ya kuma danganta shi da gidan Bayajida na Daura. Waƙar Bagauda, wadda wani masani mai suna Hiskett ya buga a tsakiyar shekarun 1960, ita kuma cewa ta yi Bagauda maharbi ne, kuma daga Gaya ya fito. Ga ƙauli uku ke nan: na maƙera, na fada, da na waƙa. Kada malam ya zaɓar wa yara ɗaya. Ya tambaye su: wa kowane ƙauli yake ɗaukakawa? Me ya sa sunan Gaya ya fito a biyu daga cikinsu?

Malamin kimiyyar sinadarai ya ɗauki tamar kanta. Tama dutse ne da ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin a cikinsa. Aikin gawayi a matoya biyu ne: ya kawo zafi, ya kuma janye oksijin ɗin ya bar ƙarfe. Ƙarfe zalla ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,538, matoyar gargajiya kuwa wajen digiri 1,200 take kaiwa. Don haka ƙarfen ba ya zama ruwa, dattin dutsen ne ke narkewa ya gangara, a ciro curin ƙarfe a kai maƙera a yi ta duka da masaba har ya tsarkaka. Yaron da ya tsaya ya ga ana zuga a maƙerar unguwarsu, ya ga yadda wuta ke sauya launi idan iska ta ƙaru, ba zai sake haddace wannan darasi ba, ba tare da ya gane shi ba.

Malamin aikin gona ya bi sawun gawayin. Maƙera sun fi son gawayin ƙirya saboda ƙarfinsa da daɗewar wutarsa. To, ƙirya nawa ta rage a gonakin da ke kewaye da makaranta? Yara su fita su ƙirga ta tare da gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya, su tambayi masu gonakin wace bishiya ce ta yi yawa da suna yara, yanzu ta yi wuyar gani. Daga nan tambaya za ta taso da kanta: anya neman tama kaɗai ke tayar da maƙera, ko har da ƙarewar itace?

Malamin labarin ƙasa ya shimfiɗa taswira. A auna nisan Gaya zuwa Dala, a duba inda matafiyi zai haye kogi a wajen Wudil, a tattauna wane lokaci na shekara ne ayari mai mata da yara da jakuna zai iya wannan tafiya. A nemo inda ake haƙar marmara a yankin, a kawo samfuri aji.

Malamin lissafi yana da aiki biyu. Na farko, idan ayari na cin kilomita kaza a yini, kwana nawa tafiyar za ta ɗauka? Na biyu ya fi daɗi. Masu binciken kayan tarihi sun auna gawayin da aka samu a wata tsohuwar matoya a Dala, awon ya nuna ana fitar da ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7, wato fiye da shekara 300 kafin lokacin da aka ba Bagauda. Awon ya dogara ne a kan wani nau'in kabon da rabinsa ke gushewa duk shekara 5,730. Ga darasin rabi da rabin rabi ya samu gindin zama. Amma a nuna wa yara iyakar hujjar: ta tabbatar da maƙera a Dala tun da daɗewa, ba ta faɗi sunan kowa ba, ba ta kuma ce daga Gaya suka zo ba.

Malamin Hausa shi ne mai riƙe da ragamar rubutun. Ɗalibansa su tattara sunayen kayan aiki, irin su zuga-zugi da uwar maƙera da awartaki, da kirarin maƙera, su kuma jera ƙaulolin da aka ji gefe da gefe, a ga inda suka haɗu da inda suka rabu.

Na Ajingi: labarin kogi

Makarantun Ajingi suna da nasu labarin, kuma masu ba da shi suna raye. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, ruwan ya bi ta gefen ƙasar Ajingi ya nufi Ringim da Haɗeja. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Kafin nan kogin damina yake bi, ya cika ya batse, da rani ya janye. Bayan an datse shi, yawan ruwan da ke wucewa ya koma har da hannun masu buɗewa da rufewa. Duk wanda ya yi su ko noman fadama a zamanin biyu yana da abin faɗa.

Ku nemi tsofaffin masunta da manoman fadama ku tambaye su: a da, wane wata ruwa yake kawowa, yaushe yake janyewa? Har ina yake kaiwa, wace bishiya ko wace gona ce iyakarsa? Wane kifi ake kamawa, tarwaɗa, ƙarfasa, gaiwa, kurungu, ragon ruwa, wanne ya ragu? Me ake shukawa a bakin kogi kafin zuwan injin ban-ruwa? Amsar farko ta malamin labarin ƙasa ce, ta kifi ta malamin ilimin halittu. Malamin tattalin arziki ya bi yadda noman rani ya sauya cin rani da kuɗin ƙodago. Malamin kiwon lafiya ya ɗauko tsargiya, ya bayyana yadda tsutsarta ke rayuwa a jikin ƙananan katantanwar ruwa, da dalilin da ya sa yaran da ke yawan wanka a ruwan da ba ya gudu suka fi kamuwa. Malamin addini da na lissafi su haɗu a kan zakkar amfanin gona: ɗaya bisa goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa ashirin ga wanda aka sha wahalar ban-ruwa. Manomin da ke noman damina da na rani yana buƙatar lissafin nan biyu a shekara guda.

Yadda ake zuwa wajen dattawa

Kada ku aika yara su faɗa gidan mutane da takarda da biro kamar masu ƙidaya. Shugaban makaranta ko malamin da ke jagora ya fara zuwa wajen mai unguwa ko dagaci, ya yi bayani, shi zai nuna muku waɗanda suka san abin, ya kuma haɗa ku da wanda zai raka ku. Idan zancen sana'a ne, a bi ta hannun sarkinta: Sarkin Maƙera, Sarkin Ruwa, Sarkin Noma.

Ku lura da lokaci. Da damina manomi ba shi da sukunin hira, ranar kasuwa ma haka. Bayan kaka, tsakanin la'asar da magariba, ya fi. Ku riƙe goro ko ɗan abin da ya sauwaƙa, amma kada a mai da shi ciniki, domin wanda ya ga ana biyan labari zai iya ƙara masa gishiri. Yara uku sun isa tafiya ɗaya: mai tambaya, mai riƙe waya, da mai rubuta abin da waya ba ta ɗauka, kamar inda tsoho ya nuna da hannu. A durƙusa a gaisa yadda ya kamata, sannan mai tambaya ya ce: “Baba, malaminmu ne ya turo mu, muna so ka ba mu labarin kogin nan tun kana yaro. Ka yarda mu ɗauki muryarka a waya?” Idan ya ce a'a, a mayar da waya aljihu, a rubuta da hannu.

Kada ku manta da cikin gida. Rabin labarin gari yana wajen mata, kuma 'yan mata ɗalibai ne za su iya shiga su ce “Iya, sannu da hutawa” a saki jiki da su. Abin da aka ci a shekarar yunwa, yadda aka yi jinyar masu ƙyanda, kuɗin auren da, adashi, kaɗi da saƙa, duk a nan ake samunsu. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuto daga bakin wata tsohuwa a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954, har yau masana tarihi da na zamantakewa suna komawa gare shi, alhali hirar tsakar gida ce.

Wajen tambaya, kada a sa wa mutum magana a baki. “Ashe da kifi ya fi yawa, ko?” ba tambaya ba ce, domin dattijo zai ce haka ne don kara. A ce: “Yaya su yake a lokacin?” Idan ya yi shiru, a bar shi ya tuna. Idan ya kauce ya shiga wani zance, kada a katse shi, sau da yawa a can abin nema yake.

Yadda ake sa wa labari shekara

Tambayar “a wace shekara?” ba ta cika haifar da amsa mai amfani ba. Mutanenmu da abin da ya faru suke riƙe lokaci. Saboda haka aji ya fara yin jadawalin manyan abubuwan da kowa ya sani, a manna a bango: rasuwar Sarkin Kano Abdullahi Bayero a 1953, hawan Ado Bayero a 1963, ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, komawa tuƙin hannun dama a 1972, shigowar naira a madadin fam da sule a 1973, kisan Murtala a 1976, soke haraji da jangali da Gwamna Abubakar Rimi ya yi a 1979, bushiyar da ta kashe shanu a 1983, cire Jigawa daga Kano a 1991, annobar sanƙarau ta 1996, husufin rana na 29 ga Maris, 2006. Sai a riƙa tambaya: “Lokacin ana biyan haraji ko an daina?” “Da sule kuka saya ko da naira?” “Kin yi aure a lokacin? Wa kike goyo?”

Ga abin da ya wuce haka, sunayen yunwa suna taimakawa. Michael Watts, wanda ya yi bincike a ƙasar Katsina ya fitar da littafinsa a 1983, ya yi amfani da irin waɗannan sunaye: Kakalaba ta 1914, 'Yar Buhu ta 1927, 'Yar Gusau ta 1942. Sunan yakan bambanta daga gari zuwa gari, don haka ku tambayi yadda iyayen masu ba ku labari suke kiran kowace.

Watan azumi ma ma'auni ne. Shekarar Musulunci tana gaza ta bature da kusan kwana 11, sai azumi ya zagayo wuri ɗaya bayan kimanin shekara 33. Ya kama a farkon Agusta a 1978, ya sake kamawa a farkon Agusta a 2011. Idan tsohuwa ta ce ambaliyar ta zo ana azumi a tsakiyar marka, malamin lissafi ya samu aikin gida mai ma'ana.

Ku gwada labari kamar yadda malaman hadisi suka koya mana

Ba sai mun aro hanyar tantance labari daga wani wuri ba. Duk wanda ya zauna a zauren karatu ya san isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun haɗu kuwa, yaya riƙonsa yake? Ku koya wa yara su rufe kowace hira da tambaya uku: “Ka gani da idonka, ko ji ka yi? Daga wa ka ji? Shi kuma a ina ya samo?”

Tambayar nan ita ke tona wani rami da masu bincike da yawa ke faɗawa. Za ka ji mutum biyar sun ba ka labari iri ɗaya, ka ce ya tabbata, ashe dukkansu a shiri ɗaya na rediyo suka ji, ko a littafin firamare ɗaya suka karanta. Wannan majiya ɗaya ce, ba biyar ba. Labarin maƙerin Gaya yana cikin waɗanda suka shiga littafi suka dawo baki, don haka ku fi ba da ƙarfi ga abin da mai labari ya ƙara wanda babu shi a littafi.

Idan ƙauli biyu suka saɓa, kada a jefar da ɗaya. Marubucin Tarihin Kano kansa bai yi haka ba. Da ya zo kan Sarkin Gaya Farin Dutse, wanda ya yi shekara 3 bai kai wa Sarkin Kano Dadi haraji ba har aka yaudare shi aka kashe shi, sai ya kawo ƙauli biyu a kan kisan, ya bar su. Mai karatu da natsuwa kuma zai lura cewa 'yar Farin Dutse, Mariyama, ita ce mahaifiyar Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, kuma a zamaninsa mutanen Gaya suka yi ƙarfi a fadar Kano. Sai an haɗa labarin sarki biyu ake ganin siyasar aure da ke tsakani.

Mataki na ƙarshe shi ne neman shaidar da ba ta magana. A gaɓar tekun yammacin Amurka ta Arewa, 'yan asalin ƙasar sun daɗe suna ba da labarin daren da ƙasa ta girgiza, teku ta cinye garuruwa. Masana suka duba zoben shekaru a kututturan itatuwan da ruwan gishiri ya kashe, suka kuma samu rubutun Japanawa a kan wata igiyar ruwa da ta afka musu ba tare da sun ji girgiza ba. Da aka haɗa ukun, aka gano ranar: 26 ga Janairu, 1700. Babu fannin da zai iya wannan shi kaɗai. Naku shaidun su ne kashin maƙera a kufai, alamar ruwa a jikin bishiya, tsohon rasiɗin haraji a cikin adaka, da rajistar makaranta.

Abubuwan da za ku kiyaye

Akwai zantukan da ba na aji ba ne. Asalin bauta, rikicin iyakar gona, da takaddamar gadon sarauta suna iya fitowa a tsakiyar hira. Malam ya saurari duk abin da aka ɗauko kafin a kunna wa aji, ya cire abin da zai kunyata wani gida ko ya ta da tsohuwar husuma. Wanda ya ce kada a ambaci sunansa, a sakaya.

Idan aka tono wani abu a kufai, a ɗauki hotonsa a inda yake, a sanar da dagaci. Kada yara su kama haƙa, domin abin da aka ɗauke daga mazauninsa ya rasa rabin bayaninsa.

Zancen magani kuma a yi hattara. A rubuta abin da mai magani ya faɗa yadda ya faɗa, amma a gaya wa yara ƙarara cewa rubutawa ba izinin sha ba ne. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a asibitocinmu yau ya samo asali ne daga wani tsiro dangin tazargade, wanda Tu Youyou ta ƙasar Sin ta bi sawunsa daga wani tsohon littafi na ƙarni na 4, har ta samu kyautar Nobel a 2015. Amma tsakanin tsohon littafin da ƙwayar asibiti akwai shekaru na gwaji. Labari yana nuna inda za a duba ne, ba ya yanke hukunci.

Tsarin zango ɗaya

Ba sai an taɓa manhaja ba. Malaman su zauna sau ɗaya a farkon zango, kowa ya duba inda labarin ya dace da abin da dama zai koyar. Mako 2 na farko a zaɓi labari, a nemi izini, a yi jadawalin shekaru, yara su gwada hira a junansu. Mako 3 na biye a fita hira. Mako 2 a rubuta abin da aka ɗauko, kuma a ba wannan isasshen lokaci, domin hirar awa ɗaya takan ci awa 5 ko fiye kafin a gama rubuta ta kalma da kalma. A rubuta yadda aka faɗa, kada a gyara wa tsoho Hausarsa. Mako 3 kowane malami ya yi darasinsa a kai. A makon ƙarshe a gayyaci waɗanda suka ba da labarin, da iyaye da mai unguwa, yara su karanta abin da suka gano a gabansu. A nan ne za ku ji wani ya ce “A'a, ba haka na ce ba,” wani kuma ya tuno abin da ya manta.

Wajen ba da maki, kada a fifita wanda ya fi iya tsara zance. A ba wanda ya kawo isnadi cikakke, wanda ya nuna inda ƙauli biyu suka saɓa, da wanda ya iya rarrabe abin da aka tabbatar da abin da aka ji kawai.

Kowace murya a sa mata suna mai ɗauke da gari da rana da batun hira, a kwafe ta a wuri biyu ban da wayar malam, domin waya takan faɗa ruwa, malami kuma akan yi masa canjin wurin aiki. A ɗinke rubutun a ajiye kwafi a makaranta, a kai wa mai labarin nasa. Idan aikin ya yi kyau, a tuntuɓi fadar Sarkin Gaya, da Jami'ar Aliko Ɗangote da ke Wudil, da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, da Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa, a ji ko za su karɓi kwafi. Makarantu goma a Kademi da Shagogo da Gamarya da Toranke da Balare da Kunkurawa, kowace ta yi labari ɗaya a shekara, cikin ɗan lokaci yankin zai mallaki abin da babu shi a kowane ɗakin karatu.

Abu ɗaya ne ba ya jira. Wanda ya yi su a kogin nan yana saurayi kafin a datse Tiga, yau ya doshi shekara 70 ko ya wuce. Idan kun zauna rubuta sunayen waɗanda za ku ziyarta, ku jera su bisa shekaru, ku fara da mafi tsufa a wannan makon.